Zaɓen Manhajar Waya Domin Karatun Littafi Mai Tsarki a Kullum

1.0 Gabatarwa

Karanta Littafi Mai Tsarki kowace rana al'ada ce da Kiristoci suka daɗe suna ba ta muhimmanci. A gidaje da dama na Filato da kudancin Kaduna da Bauchi da Gombe da Adamawa, haka kuma tsakanin Hausawa Kiristoci na ƙasashen Zazzau da Kano da Katsina, akan buɗe yini da sujadar safe, wato a karanta wani yanki na Littafin, a yi waƙa, a yi addu'a, sa'an nan kowa ya kama harkar gabansa. A da, littafi na takarda kaɗai ake buɗewa. A yau kuwa wayar hannu ta shigo cikin sha'anin, har ta kai akan ga matasa a majami'a suna bin karatun fasto ta fuskar wayoyinsu.

Sai dai duk wanda ya shiga kasuwar manhajoji ta Play Store ya nemi Littafi Mai Tsarki, zai tarar da su jibge, kowace tana yi wa kanta kirarin ita ce gaba. Akasari mutum yakan sauke wadda ta fara bayyana, ko wadda ya gani a hannun aboki, ya yi mako biyu ko uku yana karatu da zafinsa, daga nan abin ya bi ruwa. Sau da yawa yakan ɗora wa kansa laifin ragwanci, alhali kuwa wani ɓangare na laifin yana ga kayan aikin da ya zaɓa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana ma'aunan da za a iya auna waɗannan manhajoji da su. Ra'ayin da aka gina ta a kai shi ne, zaɓen ya kamata ya faro daga shi mai karatun, wato harshen da ya fi ji, da ƙarfin wayarsa da aljihunsa, da lokacin da yake da shi. An keɓe bayanin ga mai karanta Hausa, domin matsalolinsa sun sha bamban da na mai karanta Turanci.

2.0 Daga Takarda Zuwa Waya

Kafin a yi maganar manhaja, ya kyautu a san abin da take ɗauke da shi, domin manhaja mazubi ce kawai, fassara ita ce abin da aka zuba. Fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa ta faro ne tun cikin ƙarni na 19, a hannun J. F. Schön, wani ɗan mishan Bajamushe da ya yi aiki da ƙungiyar CMS. Ya sami taimakon Dorugu, saurayin nan Bahaushe da ya je Ingila tare da matafiyi Barth. An buga Linjilar Matiyu ta Schön a 1857, Sabon Alkawari kuma ya kammalu a 1880. Cikakken Littafin, wato Tsohon Alkawari da Sabo, ya fito a 1932, kuma jigon aikin shi ne Dokta Walter Miller, wanda mutanen Zariya suka fi sani da Likita Mila. Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1966, ta fitar da sabuwar fassara a 1979, daga baya kuma ta ƙara da wata cikin Hausa mai sauƙi ta yau da kullum. Akwai kuma Sabon Rai Don Kowa na ƙungiyar Biblica, wanda aka sabunta a 2020. Kiristoci masu jin Hausa sukan kira kowace ɗaya daga cikin waɗannan fassarori da sunan juyi, kuma da wannan kalma za a ci gaba da amfani a nan.

Ta fuskar na'ura kuwa, shafin Bible Gateway ya soma sanya Littafin a intanet tun 1993. Amma abin da ya sauya al'amarin shi ne fitowar wayoyin da ake shafawa. A 2008 wata ikkilisiya mai suna Life.Church da ke jihar Oklahoma ta Amurka ta fitar da manhajar YouVersion, a daidai lokacin da kamfanin Apple ya buɗe kasuwarsa ta manhajoji. Ya zuwa 2021 an sauke ta sau miliyan 500. A 2010 ƙungiyar Faith Comes By Hearing, wadda ta daɗe tana naɗar Littafin a kaset cikin harsuna daban-daban, ta fitar da Bible.is. Daga nan sai ƙofa ta buɗe, ƙungiyoyi da kamfanoni da ɗaiɗaikun mutane kowa ya shiga ƙera tasa.

3.0 Ire-iren Manhajoji

Idan aka dubi aikin da kowace ta fi ƙwarewa a kai, za a iya kasa manhajojin gida biyar.

Kashi na farko su ne na karatu tsantsa. Waɗannan suna ɗauke da juyi iri-iri, da jadawalin karatu, da damar shafa wa aya launi ko rubuta ɗan bayani a gefenta. YouVersion ita ce fitacciya a nan. Kyauta ce, ba ta da talla, kuma tana da Hausa, ciki har da Sabon Rai Don Kowa. Masu ita sun kuma fitar da ƙaramar ƙanwarta mai suna Bible App Lite domin wayoyi marasa ƙarfi da wuraren da intanet ke wuya.

Kashi na biyu su ne na saurare, irin su Bible.is. A nan murya ce kan gaba. Wani sautin na mai karatu ɗaya ne, wani kuma an shirya shi kamar wasan kwaikwayon rediyo, kowane mai magana da tasa muryar, ga kiɗa a ƙarƙashi.

Kashi na uku su ne na nazari mai zurfi, kamar Blue Letter Bible da Olive Tree da Logos da AndBible. Suna nuna kalmomin asali na Ibrananci da Helenanci, da ƙamus, da sharhin malamai. Wasu kyauta ne, wasu kuma littattafan cikinsu na sayarwa ne, kuma akasarin kayansu da Turanci suke. Sun fi dacewa da ɗaliban tauhidi da fastoci da malaman makarantar Lahadi.

Kashi na huɗu su ne na bimbini da addu'a. Waɗannan sukan kawo 'yan ayoyi kaɗan tare da sharhi da addu'ar ranar, kwatankwacin ƙananan littattafan nan na karatun kullum da aka saba da su, irin su Daily Guide na ƙungiyar Scripture Union ko Abincin Yini na ECWA. A cikin wannan kashi ne ake samun manhajojin 'yan Katolika kamar Laudate da iBreviary da Universalis, masu kawo karatun da ikkilisiyarsu ta tsara wa kowace rana.

Kashi na biyar su ne ƙananan manhajoji na harshe guda. Ƙungiyar SIL ta samar da wata manhajar kwamfuta mai suna Scripture App Builder, wadda masu fassara ke amfani da ita su ƙera wa harshensu manhaja. Irin waɗannan ba su da nauyi, ana iya tura su daga waya zuwa waya ba tare da intanet ba, kuma a wasunsu rubutun yakan yi haske yana bin muryar mai karatu jimla bayan jimla. Ta wannan hanya ce ƙananan harsuna da yawa na Nijeriya suka sami nasu rabon.

Amfanin wannan rabe-rabe shi ne mutum ya gane cewa wadda ta fi kayan aiki ba lallai ita ce ta fi masa amfani ba. Manomin da ke son sauraron Zabura a hanyar gona ba shi da abin yi da ƙamus na Helenanci.

4.0 Ma'aunan Zaɓe

4.1 Juyi

Tambayar farko da ya kamata mai zaɓe ya yi ita ce, wane juyi ne a ciki? Wannan ya fi kowane ma'auni nauyi saboda dalilai uku.

Dalili na farko shi ne fahimta. Juyin 1932 ya fi bin kalmomin asali sau da ƙafa, kuma Hausarsa ta kusan shekara ɗari ce, da kalmomin da matashin yau ba safai yake jin su ba. Waɗanda suka biyo baya sun fi karkata ga fitar da ma'ana cikin ginin jimla irin na Hausa. Dattijon da ya haddace ayoyi da tsohon juyi zai ji sabon ya yi masa salam, matashin da ya tashi a Jos ko Kaduna kuwa, wanda wataƙila Hausa harshensa na biyu ne, zai fi sakewa da sabon. Karatun da mutum ke tuntuɓe a cikinsa kowane layi ba ya ɗorewa.

Dalili na biyu shi ne daidaito da ikkilisiya. Juyi-juyin Hausa sun saɓa wa juna har a sunayen littattafai. Inda juyin 1932 ya ce Yohanna, na 1979 Yahaya ya ce. Littafin ƙarshe na Sabon Alkawari, wani juyin ya kira shi Ru'ya ta Yohanna, wani kuma Wahayin Yahaya. Haka Misalai da Karin Magana littafi ɗaya ne, Kubawar Shari'a da Maimaitawar Shari'a ma haka. Ashe ke nan wanda juyin wayarsa ya saɓa da na bagadi zai iya ɓata lokaci yana laluben littafin da ke gabansa da wani suna. Wanda yake son haddace ayoyi kuwa, tilas ya tsaya a kan juyi ɗaya.

Dalili na uku shi ne yawan littattafai. Littafi Mai Tsarki a wurin ikkilisiyoyi irin su ECWA da COCIN da EYN da HEKAN littattafai 66 ne, wato 39 a Tsohon Alkawari da 27 a Sabo. A wurin 'yan Katolika kuwa 73 ne, domin akwai ƙarin bakwai, kamar Tobit da Baruk. Ɗan Katolikan da ya sauke manhaja mai 66 zai wayi gari karatun ranar ya faɗa cikin littafin da babu shi a wayarsa.

Ya kamata kuma a fahimci dalilin da ya sa ba kowane juyi ake samu a kowace manhaja ba. Fassara tana da haƙƙin mallaka, sai mai ita ya ba da izini ake sanya ta. Biblica ta saki Sabon Rai Don Kowa a ƙarƙashin buɗaɗɗen lasisi, shi ya sa ake yawan cin karo da shi. Manhaja ta gari takan faɗi sunan juyin da shekararsa da ƙungiyar da ta mallake shi. Wadda ta rubuta "Hausa" kawai ba tare da wani bayani ba, abar tuhuma ce, domin babu tabbacin an kwafo nassin daidai. Ga ɗalibi mai jin harshe biyu, wani abin dubawa shi ne ko manhajar tana jera juyi biyu a shafi ɗaya, alal misali Hausa da Turanci, ko Hausa da Faransanci ga mutanen Maraɗi da Damagaram.

4.2 Rubutu da Sauti

A nan ne ɗalibin Hausa ya fi kowa abin cewa. Rubutun boko yana da haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, sai kuma 'y wanda a Nijar ake rubuta shi ƴ. Wasu manhajojin da aka yi su da gaggawa sukan zubar da ƙugiyoyin, ko su nuna ɗan akwati a gurbin harafin idan wayar ba ta gane shi ba. Wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce, domin ƙasa daban, kasa daban, haka baƙi da baki, da ƙafa da kafa. Matsalar takan shafi bincike ma. Wata manhajar idan aka rubuta mata "kauna" ba za ta kawo ayoyin da ke da "ƙauna" ba. Saboda haka yana da kyau a jarraba ta da kalmar iri biyu tun ranar farko, a kuma sanya allon rubutu mai haruffan Hausa, kamar wanda Gboard ke bayarwa. Haka nan a duba ko ana iya ƙara girman haruffa, saboda dattawa da masu raunin gani.

Bugu da ƙari, rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kalmar da aka rubuta "fari" tana iya nufin launi, ko rashin ruwan sama, ko jam'in fara, kuma dukan ukun suna cikin Littafin. Bahaushe ɗan asali yakan warware wannan daga muhallin jimla ba tare da ya lura ba, amma wanda ya koyi Hausa a kasuwa ko a makaranta yakan yi tuntuɓe. A nan ne sauti yake da rana. Manhajar da ke haɗa rubutu da muryar ƙwararren mai karatu tana koyar da karatun Hausa ne a lokaci guda, kuma ita ce mafita ga wanda bai yi boko ba da makaho. Sharaɗin dai shi ne muryar ta zama ta mutum mai jin Hausa. Muryar na'ura da aka horar da Turanci takan dagula karin sauti har maganar ta fita daga Hausa. A kuma tabbata sautin da rubutun na juyi ɗaya ne, domin akan sami inda ido ke ganin wani juyi kunne yana jin wani.

4.3 Data da Ma'aji da Wuta

Yawancin manyan manhajoji an ƙera su ne a ƙasashen da intanet da lantarki ba sa yankewa. Mai karatu a Kafanchan ko Biliri ko Mubi ba haka yanayinsa yake ba, balle kuma tun da Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi na kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Manhajar da ba ta buɗewa sai da data, ranar da data ta ƙare karatu ya tsaya ke nan.

Rubutun Littafi Mai Tsarki gaba ɗayansa megabait kaɗan ne, bai kai nauyin gajeren bidiyo ba. Sauti ne mai nauyi, domin Sabon Alkawari kaɗai yakan kai kusan awa 20, wato ɗaruruwan megabait. Dabarar ita ce a sauke rubutun juyin dungurungum sau ɗaya, sautin kuma a riƙa sauke shi littafi-littafi a inda aka sami intanet mai araha, ko a karɓa a katin memori. Akwai jarrabawa mai sauƙi da za ta raba gardama: a kashe data gaba ɗaya, a buɗe manhajar, a nemi wata sura da ba a taɓa buɗewa ba. Idan ta fito, to Littafin yana cikin wayar. Idan ba ta fito ba, aro ake yi. Haka kuma manhaja mai yawan hotuna da bidiyo takan sha batir ta kuma cika ma'aji, saboda haka mai ƙaramar waya gara ya nemi mara nauyi.

4.4 Jadawalin Karatu

Babban abin da ke kashe karatun kullum shi ne rashin sanin inda za a buɗe gobe. Littafin yana da sura 1,189, wato 929 a Tsohon Alkawari da 260 a Sabo, bisa lissafin littattafai 66. Wanda ke son gama shi cikin shekara guda sai ya karanta sura uku zuwa huɗu kowace rana. Sabon Alkawari kuwa lissafinsa ya faɗo daidai: sura ɗaya a rana, kwana biyar a mako, mako 52, ya ba da 260 cif. Karin Magana sura 31 ne, ya yi daidai da kwanakin wata. Linjilar Markus sura 16 ce, ana gama ta cikin mako biyu da 'yan kwanaki. Sai dai surori ba tsawonsu ɗaya ba, domin Zabura ta 117 aya 2 ce, ta 119 kuwa aya 176. Jadawali mai kyau yakan lura da wannan.

Shi jadawalin karatu ya girmi waya nesa ba kusa ba. A 1842 wani fasto ɗan Sikotilan mai suna Robert Murray M'Cheyne ya tsara wa jama'arsa wanda ake bi har yau, mai kimanin sura huɗu a rana daga wurare daban-daban, inda ake gama Tsohon Alkawari sau ɗaya, Sabon Alkawari da Zabura kuma sau biyu a shekara. 'Yan Katolika suna da nasu tsarin da ke zagayowa bayan shekara uku a ranakun Lahadi, da shekara biyu a sauran ranaku. Abin da manhaja ta ƙara shi ne riƙe wa mutum inda ya tsaya, da tuna masa idan lokaci ya yi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar kayan da ya fi ƙarfin kai. Mutum yakan fara daga Farawa a watan Janairu, ya wuce Fitowa lafiya, ya zo Littafin Firistoci da dokokin hadayu ya cije, bashin surori ya taru masa har ya fid da rai. Saboda haka a nemi manhajar da ke da gajerun jadawali na mako ɗaya ko wata ɗaya, wadda ke haɗa Tsohon Alkawari da Sabo a rana guda, wadda kuma ke ba da damar matsar da kwanaki idan an yi fashi. Da yayyafi kogi kan cika. Wani abin lura shi ne, jadawali masu ɗauke da sharhi galibinsu da Turanci suke, saboda haka mai Hausa zalla zai fi samun sauƙi da jadawalin da ke nuna sura da aya kawai, ko ya bi na littafin karatun kullum na ikkilisiyarsa ya riƙa buɗe ayoyin a waya.

4.5 Talla da Sirri

Manhajar da ake ba da ita kyauta, da wani abu take rayuwa. Wasu da gudummawar masu bi, wasu da sayar da ƙarin kaya, wasu da kuɗin wata-wata, wasu kuma da talla. Masu talla su ne suka fi yawa cikin ƙananan da ba a san masu su ba, kuma tallan yakan faɗo a tsakiyar sura, ya ci data, wani lokaci ma ya nuna abin da bai dace da mai ibada ba. Masu kuɗin wata-wata kuwa sukan fara da kwanakin gwaji kyauta, sa'an nan su soma cire kuɗi daga katin banki idan ba a soke ba.

Batun sirri ma abin kula ne. Mutane sukan rubuta roƙe-roƙensu na addu'a da damuwoyinsu a cikin waɗannan manhajoji, abubuwan da ba za su faɗa wa maƙwabci ba. Ko da yake Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023, rigakafi ya fi magani. A duba izinin da manhajar ke nema. Mai nuna nassi ba ta da hujjar neman lambobin da ke cikin waya ko saƙonnin mutum. A kuma duba sunan wanda ya yi ta, ko ƙungiya ce sananniya.

5.0 Iyakar Manhaja

Ko an dace da manhaja ta gari, akwai tarko uku da ya kamata a sani. Na farko ita kanta wayar. Littafin takarda ba ya ƙara, amma waya tana ɗauke da WhatsApp da Facebook da TikTok, kuma saƙo ɗaya ya isa ya janye mai karatu. Maganin wannan shi ne kashe data kafin a fara, wanda ya sake nuna amfanin manhaja mai aiki ba intanet.

Na biyu shi ne ayar yini. Manhajoji da yawa sukan aiko da aya ɗaya kowace safiya cikin hoto mai kyau. Ba laifi ba ne, amma a tuna cewa rabon surori aikin Stephen Langton ne a ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma Robert Estienne ya sanya su a 1551. Marubutan asali wasiƙu da labarai da waƙoƙi suka rubuta, ba gutsattsari ba. Wanda ya tsaya ga aya ɗaya a rana yana iya shekara bai karanta wasiƙar Bulus ko ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba, kuma ayar da aka cire daga muhallinta tana da saurin karkacewa.

Na uku shi ne ƙidayar kwanaki a jere, wadda wasu manhajoji ke nunawa don ƙarfafa gwiwa. Tana taimakon wasu, amma takan sa wasu su buɗe manhajar don kada lambar ta faɗi kawai, idan kuwa ta faɗi sai su yi zuciya su bari. Wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a Landan, aka buga a 2009, ya bi mutum 96 masu ƙoƙarin kafa sabuwar al'ada ta ci ko sha ko motsa jiki. An gano cewa matsakaicin lokacin da al'ada ke ɗauka kafin ta zama jiki kwana 66 ne, wasu 18, wasu har 254, kuma fashin rana ɗaya bai rushe ginin ba. Abin da mahalarta suka yi shi ne liƙa sabon aikin ga wani abu da suke yi kullum, kamar bayan karin kumallo. Darasin a fili yake: a tsai da lokaci da wuri, a kuma ba abin wata biyu ko uku kafin a yanke hukunci.

Daga ƙarshe, karatun Littafi a wannan yanki tun asali na tarayya ne, a sujadar iyali, da taron Zumuntar Mata, da ƙungiyoyin ɗalibai irin su FCS da NIFES. Wasu manhajoji suna ba da damar abokai su bi jadawali ɗaya, kowa yana ganin inda ɗan'uwansa ya kai. Ko babu wannan, mutum biyu da suka yi alkawarin tambayar juna sun fi ƙararrawar waya tasiri, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa manhajojin sun kasu gida biyar, kuma ana auna su da juyin da ke ciki, da ingancin rubutu da sauti, da yadda suke aiki ba intanet, da jadawalinsu, da kuma amincinsu. Ɗalibin jami'a mai jin Hausa da Turanci zai fi amfana da babbar manhaja mai jera juyi biyu. Uwar da ba ta yi boko ba, sauti a katin memori ya fi mata. Ɗan Katolika ya nemi mai littattafai 73 da karatun ranar, mai shirin wa'azi kuma ya ƙara da ta nazari. Ga kowannensu, manhaja ɗaya ko biyu sun wadatar, a jarraba su da data a kashe, a fara da gajeren littafi kamar Markus.

Akwai kuma aikin da ya rage wa masana Hausa. Yawancin waɗannan manhajoji nassin ne kawai yake da Hausa, amma umarnin da ke jikinsu da sharhi da jadawali duk da Turanci suke. Fassara su, da daidaita kalmomin fasaha, da sa ido kan ƙa'idojin rubutu a cikinsu, fage ne da ke jiran ɗaliban wannan sashe, kuma amfaninsa zai kai ga duk mai karanta Hausa a waya, ko wane littafi yake karantawa.